'Yata ta fasa asusunta saboda ƙawarta mai ciwon huhu, mahaifinta ya ce kada ya sake ji

Assalamu alaikum Anti. Ni Bakatsiniya ce, shekara tara ke nan muna zaune a wani gari a arewacin Ingila, inda maigidana yake aiki. 'Yata ta fari shekararta 11, tana ajin ƙarshe na firamare. Tun aji uku take da wata ƙawa Baturiya mai fama da ciwon da ake kira sistik faiburosis. A watan Janairu aka kwantar da yarinyar a asibiti har mako biyu, tun daga nan 'yata ta canja. Ta fasa asusunta, fam 86 na goron sallah da ta daɗe tana tarawa, ta juye a bokitin tara gudummawa na makarantarsu ba ta gaya wa kowa ba. Asabar biyu ba ta je Islamiyya ba, wai tana taya uwar ƙawar sayar da kek. Yanzu kuma ta ce za ta bi gida-gida tana neman taimako, kuma tana so ta haɗa wa ƙawar walima ta gayyato duk yaran garin masu ciwon, don ta san ba ita kaɗai ba ce. Abbansu ya fusata. Ya ce gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa, don ƙaninsa yana da yara biyu masu sikila a gida kuma kowane wata sai mun aika. Ya ce kada ya sake jin maganar. Surukata da ta zo mana ziyara ta ji tarin yarinyar, ta ce tarin fuka ne, a raba su. Ni kuwa ranar nan ƙarfe biyun dare na same ta da wayata tana binciken shekara nawa masu ciwon suke yi a duniya. Ga jarrabawa a watan Mayu. In na goyi bayanta na saɓa wa mijina, in na hana ta ina tsoron kashe mata zuciya. Me zan yi?

Daga wata uwa a Ingila

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma duk sau biyun a wuri ɗaya na tsaya: ƙarfe biyun dare. Fam 86, bokiti, kek, walima, duk daga wannan daren suka fito. Yarinyarki tsoro take ji ƙawarta za ta mutu, ba ta da wanda za ta gaya wa, shi ne take ta neman abin da za ta yi da hannunta ko zuciyarta ta lafa. In kika fara da rigimar kuɗi kafin ki taɓo wannan tsoron, gyaran gangar Auzinawa za ki yi. Don haka da shi za mu fara.

Kin ce 'yar fari ce. Na san halinmu: ba a kama sunanta, ba a zama a yi doguwar hira da ita, sai aike da faɗa. A gida wannan alkunyar ba ta cutar da yaro sosai, don akwai goggo, akwai kaka, akwai ƙanwar uwa da za ta ja ta ɗaki ta ce, "Zo nan, me ke damunki?" A inda kike ke ce goggon, ke ce ƙanwar uwar. Ki ajiye karar nan a gefe na dare ɗaya. Ki bari ƙannenta su yi barci, ki kira ta kicin kamar za ta taya ki wanke-wanke, don yara sun fi sakin baki in hannu yana aiki kuma ba ido cikin ido ba. Ki ce mata kin ga abin da take nema a waya, kuma ba ki yi fushi ba. Sai ki tambaye ta me ta gani, ki yi shiru ta gama.

Kusan na san abin da ta gani. Intanet cike take da tsofaffin bayanai kan wannan ciwo, na zamanin da lamarin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Lokacin da wata likita Ba'amurkiya, Dorothy Andersen, ta fara bayyana ciwon a 1938, yawancin yaran da ke da shi ba sa kai shekarun shiga makaranta. A 1989 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi. A 2020 hukumar lafiya ta NHS a Ingila ta fara ba da wani magani mai suna Kaftrio, wanda yake gyara aikin da ya lalace a cikin jiki maimakon lallashin alamomi kawai, kuma daga 2022 aka sauko da shi zuwa yara 'yan shekara 6 zuwa 11. Yanzu a Birtaniya hasashen da ake yi shi ne rabin jariran da ake haifa da ciwon za su wuce shekara 60. Akwai masu ciwon da suka yi aure, suka haihu, suna aikinsu. Ki gaya mata wannan. Amma kada ki yi mata alkawarin cewa ƙawarta ta warke ko ba abin da zai same ta, don ciwon bai da maganin da ke raba mutum da shi gaba ɗaya, kuma Kaftrio ɗin kusan mutum tara cikin goma yake wa aiki, akwai waɗanda ya bari a baya. Yaro mai shekara 11 yana gane ƙarya, in ya kama ki sau ɗaya sai ya koma wa waya. Ki ce mata kwanciyar mako biyu ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya abu ne da masu ciwon suka saba da shi, yana cikin tsarin jinyarsu, ba alamar ajali ba ce. Sannan wayar ta daina kwana inda hannunta zai kai. In bayan makonni uku ko huɗu har yanzu ba ta barci ko ta rage cin abinci, ki yi magana da nas ɗin makarantarsu ko likitan iyalinku (GP).

Sai Hajiya surukarki. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Wadda ta girma tana ganin abin da tarin fuka ke yi wa gida, in ta ji yaro yana tari mai kauri daga can cikin ƙirji dole gabanta ya faɗi. Har likitoci a ƙasashenmu sukan rikita wannan ciwon da tarin fuka ko tamowa, don mu ma akan same shi a cikinmu jifa-jifa, sai dai ya fi yawa a Turawan arewacin Turai. Hanya mafi sauƙi da za ki yi mata bayani ita ce ta sikila, tunda tana da jikoki masu ita. Yadda AS da AS in suka yi aure kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, haka wannan yake, ba bambanci. A Birtaniya kusan mutum ɗaya cikin 25 yana ɗauke da ƙwayar bai ma sani ba, masu ciwon kuma sun kai wajen 11,000. Ƙwayar ce ke tafiyar da shige da ficen gishiri da ruwa a jiki. In ta samu matsala sai majina ta yi kauri ta yi danƙo, ta toshe hanyoyin iska a huhu, ta toshe hanyar da ruwan narkar da abinci ke bi zuwa hanji. Shi ya sa yarinyar take tari, shi ya sa take haɗiyar kafso kafin ta ci abinci, shi ya sa zufarta take da gishiri fiye da ta kowa. Ki ma tuna wa Hajiya: ƙannen 'yarki da kika haifa a nan, a kwana na biyar da ungozoma ta zo ta tsaga musu dunduniya ta ɗiga jini a kati, wannan katin guda shi ake duba sikila da shi, shi ake duba wannan ciwon. Ba a ɗaukar sa a tari, ba a ɗaukar sa a kofi ko cokali. Ko shekara suka yi suna kwana gado ɗaya 'yarki ba za ta kamu ba.

Haɗarin ma ta ɗaya ɓangaren yake. Murar da 'yarki za ta yi kwana uku ta warke tana iya kai ƙawarta gadon asibiti. Saboda haka dokar farko da za ki kafa ita ce: ranar da take mura ko tari, ba ziyara, sai waya. Akwai kuma wani abu namu da ƙila bai taɓa zuwa miki a rai ba, wato turaren wuta. Mun saba in baƙo zai zo a turara falo har labule ya kama, ga sanyi an rufe tagogi ruf. Wannan hayaƙin da muke karrama baƙo da shi, ga huhun yarinyar nan wahala ne. Ranar da za ta zo ki ajiye kaskon, ki buɗe taga tun da safe. Abinci kuwa kada ki ji tsoro, ƙosai da masa da miyar gyaɗa duk za ta iya ci, sai dai ki gaya wa mahaifiyarta abin da kika dafa da yawan man da ke ciki, don da maiƙon abinci ake auna yawan kafson da za ta haɗiya.

Maganar walima kuwa, a nan dole ki ce a'a, kuma ki faɗa mata dalili, don niyyarta kyakkyawa ce ƙwarai. Wannan ciwon yana da wani ɗaci da sikila ba ta da shi: masu shi ba a so su haɗu da juna ido da ido. Kowannensu huhunsa yana iya ɗauke da wasu ƙwayoyin cuta masu taurin kai, waɗanda ba sa yi wa mai lafiya komai, amma in suka tsallaka zuwa huhun wani mai ciwon suna iya zama ba fita. Shi ya sa a asibiti ake ba kowa ɗakinsa, a ranar ganin likita ba sa zama a layi ɗaya, har tarukan ƙungiyarsu ta intanet suke yi. Da 'yarki ta tara yara goma a falo ɗaya, da ta yi ɓarnar da ba ta nufa ba. Ki lura da fuskarta lokacin da kike gaya mata wannan. Ina jin a nan za ta fara gane cewa kaɗaicin da ta hango a ƙawarta gaskiya ne, kuma ita da ba ta da ciwon tana iya abin da masu ciwon ba za su iya yi wa juna ba: ta zauna kusa da ita.

Wannan zaman kusa shi ne babban aikin sa kai da ke gabanta, kuma ba ya cin ko fam ɗaya. Yarinya mai wannan ciwon takan tashi kafin kowa, ta shaƙi magani a na'ura, ta yi atisayen fitar da majina daga ƙirji, sannan ta sa kayan makaranta. Da yamma a maimaita. A wurin cin abinci kowa ya fara ci ita tana ƙirga kafso, wasu yaran suna kallo. In ta yi tari a aji sai a juyo. Ƙawar da za ta jira ta su fara ci tare, wadda ba ta juyowa in an yi tarin, wadda za ta ɗauko mata aikin aji in tana asibiti ta kira ta a bidiyo su yi gulmar abin da ya faru a filin wasa, wadda za ta ja ta su yi tsere ko tsalle-tsalle (motsa jiki yana taimaka wa huhunsu sosai), wannan ƙawar ta fi bokiti goma. Amma a nan ma ki ja mata kunne kaɗan. Yara da yawa masu ciwon ba sa son a mayar da su "yarinyar nan marar lafiya". Kafin a buga sunanta ko hotonta a wata takardar neman gudummawa, a tambaye ta, a tambayi iyayenta. Ke da kanki ki gayyaci mahaifiyarta shan shayi, ki ce mata, "Me zai taimaka muku, me zai dame ku?" Za ki sha mamakin amsar. Wataƙila abin da ta fi buƙata shi ne wanda zai ɗauko mata ƙaramin ɗanta daga makaranta ranar da suke asibiti.

To, Abbansu. Kada ki ɗauke shi a matsayin mai taurin zuciya. Mutumin da kowane wata yake cire kuɗi daga albashinsa saboda 'ya'yan ƙaninsa ba marowaci ba ne, kuma in kin duba da kyau, a wurinsa yarinyar ta gado halin. Maganarsa tana da nauyi. A Najeriya ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila kowace shekara, yawancinsu ba wata hukuma da ke biya musu magani, ita kuwa ƙawar 'yarki tana da NHS a bayanta. Mutum yana ganin kiran waya daga gida ƙarfe uku na dare ana cewa ciwon ya tashi a kawo kuɗin jini, sannan ya ji 'yarsa ta juye fam 86 a bokitin Turawa, dole ya ji zafi. Ina kuma zargin akwai abin da bai faɗa ba: tsoron kada yarinyar ta tashi zuciyarta tana can waje, ta manta da danginta. Yawancin iyaye maza da ke ƙasar waje suna kwana da wannan tsoron, sai ya fito a matsayin faɗa.

Inda ya yi kuskure shi ne zaton tausayi kamar tuwo ne, in an ba wani sai na wani ya ragu. A wurin yaro akasin haka ne. Yarinyar da ta koyi jin ciwon ƙawarta a yau ita ce za ta ji na 'yan'uwanta gobe, wadda kuwa aka ce ta rufe ido a kan wannan, ba tabbas za ta buɗe shi a kan wancan. Ki tambayi kanki: shin ta ma san yadda 'ya'yan baffanta suke fama? Ko dai ana ɓoye mata, sai dai ta ji ana ƙus-ƙus a waya? Ba za ta tausaya wa ciwon da ba a nuna mata ba. In kuma damuwarsa ta addini ce, zakka tana da mutanenta da aka ƙayyade, wannan a tambayi malami; amma sadaka da kyautata wa maƙwabci ba su tsaya a kan Musulmi kaɗai ba, kuma ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare ruwa.

Kada ki tare shi da waɗannan hujjojin a gaban yara ko a gaban Hajiya, don namiji in an ƙure shi gaban mahaifiyarsa ba ya ja da baya. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ku biyu. Ki fara da inda yake da gaskiya: ta ɗauki kuɗi ba shawara, ta tsallake Islamiyya, duka biyun kuskure ne kuma za ta ba shi haƙuri da bakinta. Sannan ki gaya masa labarin ƙarfe biyun dare, don ina kyautata zaton bai sani ba. Daga nan ki ajiye masa tsari, shi ya gyara ya sa hannu, ya zama dokarsa ce ba taki ba.

Tsarin da zan ba ki shi ne daga yanzu zuwa jarrabawar Mayu babu neman kuɗi ko kaɗan, sai ƙawance da karatu. Islamiyya ba a taɓa ta. Bin gida-gida kuwa ba sai kun yi gardama ba, doka ta raba ku: a Ingila sai da lasisin ƙaramar hukuma, kuma wanda bai kai shekara 16 ba ba ya yi. Aikin sa kai a cikin asibiti ma yawanci sai mai 16. Bayan jarrabawa, watan Yuni ya zo muku daidai kamar an auna. A cikinsa ƙungiyar tallafa wa masu ciwon ƙawarta, Cystic Fibrosis Trust, wadda aka kafa tun 1964, take ranar sanya tufafi ruwan ɗorawa, makarantu da yawa suna shiga. A cikinsa kuma, ranar 19, ake ranar sikila ta duniya. Ta nemi izinin shugabar makarantarsu ta kafa tebur guda, ke ki soya ƙosai da cincin, uwar ƙawarta ta kawo kek, abin da aka samu a raba biyu: rabi ga masu ciwon ƙawarta, rabi ga masu sikila. Ta tsaya gaban ajinsu ta yi musu bayanin yadda ciwon biyu suke gado iri ɗaya. In ta fi son gudu, akwai junior parkrun, tseren kilomita 2 na yara 'yan shekara 4 zuwa 14 da ake yi safiyar Lahadi kyauta a wuraren shaƙatawa; 'yan'uwa da abokan Abbansu su yi mata alkawarin wani abu a kan kowane zagaye, ke ki riƙe shafin karɓar kuɗin da sunanki. Asusu kuma daga yau kashi uku: na ajiya, na kashewa, na sadaka. Na sadakar nata ne, ta ba wanda ta ga dama, amma sai ta faɗa kafin ta bayar. Fam 86 ɗin da suka tafi kada a mayar mata, kada kuma a riƙa yi mata gori. Ta bayar, Allah ya karɓa, ta kuma ji yadda rashinsu yake.

Akwai abin da shi Abbansu zai iya yi wanda ya fi kuɗi, in yana da lafiya. A Ingila masu sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai suna buƙatar wani nau'in jini da ake kira Ro, wanda ya fi yawa nesa a baƙaƙen fata, kuma kullum ana ƙarancinsa. Mai AS ma yana iya bayarwa. Za su tambaye shi tafiye-tafiyensa gida saboda zazzaɓin cizon sauro, ƙila su yi masa ƙarin gwaji, shi ke nan. Ya je da ita ta ga an sa wa babanta allura saboda wani yaron da bai sani ba.

In kuwa duk da haka ya ce shi dai bai yarda da maganar kuɗi ba, kada ki bi ta bayan fage ki riƙa ba ta a ɓoye, don ranar da ya gano, ƙawancen gaba ɗaya zai hana. Ki karɓi rabin da ya bayar. Ziyara, kiran bidiyo, ɗauko aikin aji, kwanon ƙosai zuwa gidansu, duk ba sa buƙatar bokiti. Ki bar maganar tebur ta kwanta zuwa bayan jarrabawa, in sakamako ya fito da kyau ki sake ɗago ta, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya taɓa masa.

Abu ɗaya da ba ki ambata ba amma na hango shi: a watan Satumba za su shiga sakandare. Ki bincika tun yanzu ko makaranta ɗaya aka ba su. In ba ɗaya ba ce, ina jin wannan ma yana cikin abin da ke hana ta barci, sai ku tsayar da rana guda a mako da za su riƙa haɗuwa, ku gaya musu tun kafin a yi hutu. Allah ya ba yarinyar lafiya, ya ba 'ya'yan ƙanin maigidanki sauƙi, ya raya miki taki. Ki gaishe min da Hajiya, kuma ki rubuto bayan Yuni in ji nawa ƙosan ya tara.